Jajayen ɗigo a dagin Damisa: jiga ce, ƙazuwa ce, ko mene ne?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Shawara nake nema. Karen da ke min gadi a gidan kajina na kan hanyar Ejisu kusa da Kumasi, wanda yara ke kira Damisa, yau kwana 5 ke nan bai samu sukuni ba. Kullum yana tsugune yana taunar dagin gabansa kamar ya samu ƙashi, ya lasa, ya tauna, har wurin ya yi ja gashi ya fara zubewa. Jiya na sa yaron da ke kwana a can ya riƙe min shi, na haska tocilar waya tsakanin yatsunsa, sai na ga waɗansu 'yan ɗigo ruwan goro sun taru wuri ɗaya, kamar an tsoma tsinke a manja an ɗiɗɗiga. Akwai irinsu a gefen kunne da ƙasan ciki. Ba kaska ba ce, kaska na san ta. Abinci yana ci, haushi yana yi. Ga hoto nan, ku yi haƙuri bai fita sosai ba.

Awudu Magazin: Wa alaikumus salam. Yaya, ƙazuwa ce ke son kama shi. Kada ka ɓata kuɗinka. Turo yaro Suame gobe in cika masa galan da baƙin mai, a shafe shi daga kai har wutsiya, kwana uku an gama. Duk karnukan da ke kwana a garejinmu da shi muke musu.

Ɗan Asawase: Oga Awudu, kare ne fa, ba injin motar haya ta trotro ba. Ko har filta za a canja masa?

Awudu Magazin: Kai yaro ne. Tun ba a haife ka ba muke wannan.

Hajiya Mariya: Baban Hafsa, sannu da ƙoƙari. Ni da na ji ka ce tsakanin yatsu, jiga ce ta faɗo min a rai. Muna yara a Salaga, kakarmu takan zaunar da mu da hantsi a bakin zaure, ta ƙona bakin allura a wuta, ta bi ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, mu muna kuka ita tana faɗa. Karnukan unguwa ma ba su tsira ba, sai ka ga kare na ɗingishi, in an ɗaga dagin jiga ce fal. Sai dai ita jiga fara ce, kamar ƙwayar dawa, da baƙin ɗigo a tsakiya, kuma a cikin nama take zama. Naka ka ce ja ne. Sake dubawa, a cikin fata suke ko a samanta?

Baban Hafsa: A sama suke Hajiya. Na sa farce na kankara, waɗansu sun fita, amma sun manne ƙam.

Hajiya Mariya: To ba jiga ba ce. Na janye.

Alhaji Mai Shanu: Ku daina wahalar da kanku. Duk abin da ya manne a fatar dabba, ruwan wankan shanu ne maganinsa. Na fi shekara 30 ina harkar shanu tsakanin Paga da mayankar Kaase, babu irin ƙwaron da ban gani ba. Ka biyo ta gida in zuba maka amitiras murfi ɗaya, ka haɗa a bokiti ka wanke shi, sannan in sa yarona ya yi masa allurar ibamektin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tanko Tafo: Ni dai abin mamaki yake ba ni. Musulmi manya da furfura, an zauna ana muhawara a kan ƙafar kare. Abin da ko taɓa ka ya yi sai ka yi wanka.

Malam Idi: Malam Tanko, a yi hattara da hukunci. Shari'a ta yi izinin ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, kuma na Baban Hafsa kaji yake gadi, ba a ɗaki yake kwana ba. Batun wanka kuwa babu shi. A mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke mazubi sau 7 idan kare ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi umarni ne na bauta. Shafi'awa su ne suka ce najasa ne, su ma wanke wurin da ya taɓa suka ce, ba wanka ba. Sannan kowa a nan ya ji hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Wanda ya ɗaure dabba tana masa aiki, haƙƙinta na wuyansa.

Tanko Tafo: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma ni dai ba zan riƙe shi ba.

Baban Hafsa: Ba a ce ka riƙe ba Tanko, shi ma ba zai yarda ba.

Sani Ingila: Ina kwana mutanen gida, ko in ce ina wuni. Yaya Baban Hafsa, hotonka na buɗe na yi dariya, don wannan abin na san shi sarai. Tsohon da nake kula da shi a nan yana da wata 'yar karya, ni ke fita da ita yawo. Duk shekara daga Agusta zuwa Oktoba sai ta dawo daga fili da irin wannan jan ɗigo a dagi, ta kwana tana tauna. Sunan da Turawa ke kiran ƙwaron ma'anarsa ƙwaron kaka, don lokacin girbinsu yake fitowa, sanyi na kankama kuma ya ɓace. Amurkawa kuma ciga suke ce masa, shi ya sa mutane ke rikita shi da jigar da Hajiya ta faɗa, alhali ba su haɗa komai ba sai kamar suna. Abin da ban zata ba shi ne akwai shi a Kumasi.

Ɗan Asawase: Ashe Damisa ciwon 'yan boko ya ɗauko. Saura biza.

Dakta Rashida: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙonni jibge. Kawu Baban Hafsa, don Allah kafin komai: kada a shafa masa baƙin mai, kada a sa kananzir, kada a yi masa kowace allura tukuna. Bari in yi isha'i in ci abinci, zan dawo in yi bayani.

Baban Hafsa: To 'yata, muna jira. Ga ɗiyarmu likitar dabbobi ta jami'ar KNUST ta iso, kowa ya gyara zama.

Dakta Rashida: Bismillah. Ban ga karen da idona ba, amma yadda Kawu ya kwatanta, da abin da na iya gani a hoton, maganar Yaya Sani ce ta fi kama hanya. Waɗannan wani babban dangi ne na mitsi-mitsin ƙwari masu zumunci da kaska da gizo-gizo, kuma suna kusan ko'ina a duniya, har nan yankinmu. Wanda ke damun karnukan Ingila da Faransa shi ake kira Neotrombicula autumnalis. Namu 'yan uwansa ne, hali ɗaya. A can sanyi ke yanke musu lokaci, mu nan ɗumi da laima ba sa yankewa sosai, sai dai sun fi yawa in ciyawa ta yi kauri, kamar yanzu da muke cikin ƙaramar damina.

Manyansu ba ruwansu da kare. A cikin ƙasa suke zaune, ƙafarsu 8, suna cin ƙwan ƙananan ƙwari. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe su ne masu ɓarna: ƙafa 6, girmansu bai kai rabin milimita ba, shi ya sa guda ɗaya ba ya ganuwa sai sun yi cincirindo. Sukan hau kan ciyawa ko busasshen ganye su jira. Duk abin da ya gitta, ɓera ne, tsuntsu ne, kare ne, mutum ne, sai su maƙale.

Ba sa shan jini kamar kaska, kuma ba sa haƙa rami su shige kamar jiga. Huda fata suke su tofa wani yawu mai narkar da nama, wurin ya zama ɗan bututu, su riƙa zuƙar abin da ya narke ta cikinsa. Bayan 'yan kwanaki sun ƙoshi sai su saki su faɗi ƙasa, kuma ba su sake hawa jikin dabba har su mutu. Wannan yawun ne jiki ke ƙi, shi ke kawo ƙaiƙayin, don haka ko ƙwaron ya faɗi kare na iya ci gaba da susa sati ɗaya ko biyu. Inda fata ke da laushi gashi kuma ba yawa suka fi so: tsakanin yatsu, ciki, hammata, kewayen ido, da ɗan aljihun nan da ke gefen kunne. Daidai wuraren da Kawu ya lissafa.

Awudu Magazin: Dakta, ni ban ƙi boko ba. Amma abin da ido ya gani fa? Na shafa wa kare baƙin mai, bayan kwana uku ba ƙwaro ko ɗaya.

Dakta Rashida: Yaya Awudu, ban ƙaryata idonka ba. Amma in irin wannan ƙwaron ne, ko ruwan koko ka shafa masa bayan 'yan kwanaki za ka ga ba ƙwaro, don dama lokacin faɗuwarsu ya yi. Man ya karɓi yabon aikin da ba shi ya yi ba. Abin da ya yi na gaskiya shi ne ya ƙona fatar da dama ta ji rauni, ya toshe ta, sannan karen ya lashe ya haɗiye. Kai ka fi ni sanin abin da ke cikin man da ya fito daga inji, ƙurar ƙarfe da sauran fetur da gas. Kananzir ya fi muni, yana saɓule fata, in kuma kare ya yi amai ya shaƙe shi zuwa huhu, sai dai addu'a.

Ƙazuwar kare kuma da ka ambata daban take. Ƙwayarta ba ta ganuwa da ido kwata-kwata, cikin fata take haƙa hanya. Alamarta ɓawo a bakin kunne da gwiwar hannu, gashi ya zube faffaɗa, fata ta yi kauri, kuma tana bin karnuka ɗaya bayan ɗaya, har mutanen gida su fara susa. Ita ba ta faɗuwa da kanta.

Maman Sadiya: Bari in sa baki, don ni abin ya taɓa ci na. Shekarun baya maigidana ya kawo ɗan kwikwiyo don gadin wurin gini. Kaska ta dame shi, wani ya ce a fesa masa maganin ƙwari na gona, irin mai warin nan da ake sayarwa a ƙaramar kwalba. Ba a yi awa ɗaya ba ya fara dalalar da yawu, jikinsa na rawa, yana zawo. Muka ɗura masa manja da madara, kafin magariba ya mutu. Sadiya ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Garin neman gira muka rasa ido. Har yau in na ji warin maganin nan sai gabana ya faɗi.

Hajiya Mariya: Allah sarki. Allah ya kiyaye gaba.

Dakta Rashida: Amin. Anti, alamomin da kika faɗa su ne na gubar irin waɗannan magungunan. In ya faru, a wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa nan take, mai wankin ya sa safar hannu, a ruga wurin likitan dabbobi da kwalbar a hannu, akwai allurar atirofin da ke karya shi in an yi sauri. Ɗura manja ko madara ba ya karya gubar, yana ma iya shaƙe ta.

Alhaji Mai Shanu: To 'yata, ni nawa ai ba na gona ba ne. Na dabbobi ne, likitocinku ne ke sayar mana.

Dakta Rashida: Gaskiya ne Baba Alhaji, magungunan da ka ambata na gaske ne, mu ma muna aiki da su a kan karnuka. Matsalar awo ce. An haɗa su ne da ƙarfin da ya dace da sa mai kilo 300, Damisa kuwa da wuya ya wuce kilo 20. Murfi ɗaya ba awo ba ne, don murfi ya bambanta, bokiti ma ya bambanta. Amitiras in ya yi yawa kare sai ya yi lis, bugun zuciyarsa ya ragu, jikinsa ya yi sanyi, kuma ba a son mai ciwon suga ya yi wankan da hannunsa. Ibamektin kuma kaɗan ake buƙata, hannun da ya saba da shanu yakan zarce. In ya yi yawa kare ya yi ta tangaɗi, ya makance, ya suma. Akwai ma karnukan Turai masu kiwon tumaki, irin koli da danginsa, waɗanda jininsu ba ya ɗaukarsa, awon da wani kare zai sha lafiya su ya kashe su. Yanzu mutane na haɗa iri barkatai, ba ka san jinin da ke jikin kare ba. Ga abin da zai faɗi da kansa, bai kamata a ɗauki wannan kasadar ba.

Alhaji Mai Shanu: Hmm. To. Ciwon sugan nan ina da shi kuwa, kuma da hannuna nake haɗawa tun da can.

Dakta Rashida: Baba, daga yau a bar wa yara, su ma da safar hannu.

Baban Hafsa: To 'yata, an hana mu wannan an hana mu wancan. Me za a yi? Karen nan yana ba ni tausayi.

Dakta Rashida: Kawu, gobe da safe a wanke ƙafafun da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, sabulun salo ma ya isa in an ɗauraye shi sosai. A sa tsumma mai laushi a goge tsakanin yatsu da ɗan aljihun kunnen, yawancinsu za su fita. A tsane da kyau, don laima tsakanin yatsu ita kanta ciwo ce. Amma kafin a wanke, a manna salatif fari a kan jan ɗigon a ɗaye, a liƙa shi a jikin leda mai tsabta a ajiye. Da shi likita zai duba a madubin likita ya tabbatar, aikin minti biyu ne.

Maganin kashe su da aka fi amfani da shi shi ne fifronil na feshi, irin Frontline. Na feshin ya fi na ɗigawa a wuya ga wannan matsala, don kai tsaye ake fesa shi a dagi da ciki. A fesa a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, don yana kamawa kafin ya bushe, a hana shi lasa har ya bushe, kada kuma a yi masa wanka kwana 2 bayan nan. Kunne da fuska ba a fesawa, a hannu mai safa ake zubawa a shafa. In wurin na da su da yawa likita kan ce a maimaita a ƙafafu bayan sati 2. Akwai kuma ƙwayoyin taunawa na kaska da ƙuma, NexGard da Simparica na wata-wata, Bravecto na sati 12. Don kaska da ƙuma aka yi su, amma likitoci na ba da su ga wannan ma, kuma gwargwadon nauyin kare ake saya. Karen da ya taɓa farfaɗiya sai an gaya wa likita kafin a ba shi.

Abin da ya fi damuna ba ƙwaron ba ne, taunar ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In wurin ya fara ruwa, ko wari, ko mugunya, ko dagin ya kumbura, ƙwayoyin cuta sun shiga, sai an haɗa da maganinsu da na rage ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, kuma wannan likita ne zai rubuta. Kafin nan a hana bakinsa kaiwa wurin. A samu tsohon bokitin roba a yanke gindinsa, a naɗe bakin yankan da tsumma, a zura masa a wuya a ɗaure da abin wuyansa.

Na roƙe ku, kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Aibufurofen da daikulofenak suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe mage.

Ɗan Asawase: Damisa da bokiti a wuya. Ɓarayin Ejisu za su ce sabuwar fasaha ce.

Hajiya Mariya: Dakta, ruwan ganyen dogon yaro fa? Da man kaɗanya? Mu da su muka tashi.

Dakta Rashida: Hajiya, in an dafa ganyen an bar ruwan ya huce aka wanke ƙafa da shi, ban hana ba. Man kaɗanya ɗan kaɗan a inda ya bushe ya tsage, shi ma ba laifi. Ba a dai sa shi a ciwo mai ruwa, kuma ba su maye gurbin maganin in abin ya yi nisa.

Baban Hafsa: Na tambayi kuɗin ƙwayar nan ta taunawa a waya yanzu, sai da na gyara zama. Ta kusa kuɗin buhun abincin kaji. Feshin zan nema. Tunda zan saya, in fesa wa zomaye ma da kajin gaba ɗaya ko? Ina da zomaye 8 a bayan keji, ga magen da ke kama min ɓera.

Dakta Rashida: A'a Kawu! Alhamdu lillahi da ka tambaya. Fifronil yana kashe zomo, kada ko kusa da kejinsu a fesa, kuma kada Damisa ya je wurinsu sai ya bushe. Kaji masu ƙwai ko na yanka ma an hana a sa musu. Mage tana ɗaukar fifronil in an bi awonta, amma akwai wani maganin karnuka mai famatirin, shi guba ne gare ta, ko jikin karen da aka ɗiga wa ta goga tana iya kamuwa da jijjiga. Duk abin da za ka saya ka gaya wa mai shagon akwai mage a gidan, ka kuma duba ranar lalacewarsa. Kada ka sayi wanda ya wuni a rana a kan tebur.

Sani Ingila: Maganar kajin nan ba wasa ba ce Yaya. A 2017 ina nan aka yi ta. An gano fifronil a ƙwan da ya fito daga gonakin Holan da Beljiyam, saboda an gauraya shi a maganin tsabtace kejin kaji. Miliyoyin ƙwai aka kwashe daga kantuna a Turai, aka rufe gonaki da yawa. Kai da ke kai ƙwai kasuwannin Kejetia da Asafo, ka rufa wa kanka asiri.

Baban Hafsa: Subhanallah. Da na tafka. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Maman Sadiya: Yaron da ke kwana a can fa, shi lafiyarsa ƙalau?

Baban Hafsa: Kin tuna min. Shi ma yana ta susar idon sawu da ƙugu, ƙuraje jajaye, na ce masa sauro ne. Ko karen ne ya shafa masa?

Dakta Rashida: Ba daga karen ba ne, ciyawa ɗaya suka shiga su biyu. A jikin mutum inda tufa ta matse suke tsayawa, bakin safa da mazaunin tazuge, shi ya sa kuka ga ƙugu. Ya riƙa wanka da sabulu da zarar ya fito daga ciyawa, a wanke kayan aikinsa da ruwan zafi, ya sa takalmin roba mai tsawo ya cusa wando a ciki. Ya daina susa da farce, ya je kemis a ba shi abin shafawa na ƙaiƙayi. In ƙurajen suka yi mugunya ko zazzaɓi ya zo, asibiti.

Kuma a nan gyaran yake Kawu. In an kashe na jikin Damisa aka mayar da shi cikin ciyawar, gobe wasu za su hau. Ba ko'ina suke ba, wuri-wuri suke taruwa, inda ke da inuwa da laima da tarin ganye. A sa adda a sassabe kewayen keji da bakin katanga, a kwashe ganyen, rana ta bugi ƙasar. A gyara ajiyar dusa da masara, don ɓeraye da gafiya su ne ke ciyar da waɗannan ƙwari tun asali. Shi kuma a ɗaga masa wurin kwana a kan katako ko siminti.

Baban Hafsa: Bayan keji ta wajen rafi ciyawa ta kai gwiwa, kuma nan yake kwanciya da rana. Na gane.

*Bayan kwana biyu*

Baban Hafsa: Jama'a barkanmu da Juma'a. Jiya na ɗora Damisa a aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, muka je ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, da ɗan salatif ɗina a aljihu kamar mai kai shaida kotu. Likitan ya sa a madubi ya ce in leƙa. Wallahi gani ya kori ji: wani abu ja mai gashi-gashi, na ƙirga ƙafa 6 da kaina. Dagin hagu ya riga ya fara ruwa, an ba shi magani na sati ɗaya. Amma ga wani abin da ba mu lura ba. A gadon bayansa akwai marurai biyu masu ɗan rami a tsakiya, likita ya toshe da man shafawa ya jira kaɗan ya matsa, sai ga tsutsa fara ƙatuwa ta fito. Na kusa amai.

Dakta Rashida: Tumbu ke nan Kawu. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a ƙasa mai yashi inda aka yi fitsari, a inuwa, ko a kan tufafin da aka shanya. Tsutsar ta shige fata ta girma cikin kwana 8 zuwa 12. Ta fi ƙwaron kaka yawa a karnukanmu nesa ba kusa ba, musamman 'yan kwikwiyo. Iyaye mata, ita ce dalilin da ake goge kayan jarirai da dutsen guga ko da ba su yamutse ba.

Hajiya Mariya: Ikon Allah. Mu dai an ce mu goge muna gogewa.

Baban Hafsa: Sannan ya tambaye ni katin allurar haukan kare, na yi ta lalube a aljihu kamar akwai. Ashe ta wuce shekara biyu. Ya ce in dawo da shi in ƙafar ta warke a yi masa, ya rubuta min rana.

Malam Idi: Wannan kam kada a yi sakaci da ita, akwai yara a unguwar.

*Bayan kwana goma*

Baban Hafsa: Ga sabon hoto. Gashi ya fara tsirowa, an cire bokitin shekaranjiya, an yi allurar. Yana ɗan lasa jefi-jefi amma taunar ta tsaya. An sassabe bayan keji tas, mun kashe gafiya 3. Yaron ma ƙurajensa sun bushe. Na gode ƙwarai 'yata, kiret ɗin ƙwai na nan tafe gidanku.

Dakta Rashida: Madalla Kawu. Mama ta ce a haɗo da kaza.

Awudu Magazin: Dakta, tambaya ɗaya. Akwai wata karya a garejinmu, na shafa mata mai sau uku tun azumi. Gashin bayanta duk ya tafi, fatar ta yi kauri kamar ta giwa, bakin kunnen ɓawo ne. Yarana biyu ma sun fara susar hannu.

Dakta Rashida: Yaya Awudu, wannan ta yi kama da ƙazuwar gaske, sai an kankari fatar an duba. A wanke man da sabulun wanke kwano da ruwan ɗumi, a hankali, ko sau biyu ne. Yaran su je asibiti su faɗi cewa suna taɓa kare mai ciwon fata. Asabar da safe ina da hanya ta Suame, zan tsaya. Karnuka nawa ne a garejin? Duka za a yi wa, ba ita kaɗai ba.

Awudu Magazin: Huɗu ne, ɗaya ba ya bari a kama shi. Zan sa a ɗaure ukun tun daren Juma'a.

Ɗan Asawase: Na huɗun a bar wa Tanko.

Tanko Tafo: Ina da ɗaurin aure a Ejura ranar.